Ƙara Ma Tana da Waƙarta

Mai Walda:

Na dawo aiki jikina ya mutu,
Wasu shiru suke nema don hutu,
Ni abin da ke raina ya ƙi rubutu,
Baki ya kasa shi, balle karatu,
Sai na kunna kiɗan nan mai ƙara.

Jita na kururuwa kamar zarto a ƙarfe,
Ganga na dukan ƙirji, tunani ya kife,
Fushin da na ƙunsa tun da safe,
Waƙar ta bi ta kansa ta shafe,
In ta tsaya sai in ce a ƙara.

Ku tuna Tony Iommi, mai jita na Birmingham ta Ingila,
Injin masana'anta ya yi wa yatsunsa biyu illa,
Ya yi musu hular roba, ya sassauta tsirkiya don rage wahala,
Sautin ya yi ƙasa, ya yi nauyi, duniya ta kula,
Tun 1970 waƙoƙin ƙungiyarsa Black Sabbath ke girgiza mu da ƙara.

Uwar Biyu:

Ƙanena, sannu da gajiyar aiki,
Ni tawa ƙarar tana nan cikin ɗaki.
Wannan ya yi kuka, wancan ya buɗe baki,
Ga tukunya a wuta, ga tulin wanki.
Ranar da na fara jin kiɗanku na yi tsaki,
Na ce hayaniya ce aka sa wa kayan biki.
Amma daren jiya na ga abin mamaki,
Na yi ta waƙar reno har murya ta saki,
Ba wanda ya runtsa, sai miƙa da murɗa jiki.
Na kunna tsohuwar fanka mai ƙugi in tana aiki,
Sai ga su sun yi lamo, hannu a baki.
Ashe irin amon da suka saba ke nan tun suna ciki,
Jini na wucewa, zuciyata na bugawa a jiki.
To na janye rabin wancan tsaki.
Wa ya fara kiran hayaniya kiɗa? Mai sani ya sa baki.

Baba Mai Rediyo:

'Yata, wannan zance ya taso daga nesa,
A 1913 wani mai zane a Italiya ya assasa,
Luigi Russolo, ya ce injuna sun cika ƙasa,
Don me kunne zai tsaya kan goge da sarewa?

Ya ƙera akwatunan katako masu mariƙi,
Ka juya, wani ya yi gurnani, wani ya yi ƙugi,
Da ya kai su dandali a Milan a 1914, zaure ya ɗau zafi,
'Yan kallo suka tashi da ihu da dambacewa.

Halim El-Dabh na Masar, shi na fi riƙewa a zuciya,
A 1944 ya aro na'ura mai naɗar sauti a kan waya,
Ya ɗauko muryoyin mata masu waƙar zar, irin borinsu, a Alƙahira, ya juya,
Ya tace, ya sa amsa-kuwwa, har kalmomin suka soma narkewa.

Bayan shekara 4, a gidan rediyon Faransa,
Pierre Schaeffer ya nufi tasha da kayan aikinsa,
Ya naɗo huci da jiniya da gudun jirgin ƙasa,
Ya jera su a faifai, suna zagaye suna dawowa.

Ni na tsufa ina gyaran rediyo da hannuna,
Shuuun nan na tsakanin tasha da tasha ya zama abokina,
Tun da matata ta rasu dare ya fi ƙarfina,
Nakan bar allurar a nan, ya raka ni har gari ya soma wayewa.

Malamar Jinya:

Baba, Allah ya jiƙan Mama, ya sa a Aljanna take zaune.
Kai kuma ƙanena Mai Walda, zo mu yi maganar kunne.
Can ciki akwai murɗaɗɗen bututu kamar dodon koɗi, ka gane,
Cike da 'yan siraran gashi, aikinsu kai saƙon sauti ne.
In ƙara ta yi yawa sai su kwanta kamar ciyawar da ta ƙone,
Ita ciyawa damina na tashe ta, su rashinsu na har abada ne.

Desibel ne ma'aunin ƙara: in ya kai 85, awa 8 ne iyakarsa a rana,
Ƙara 3 a kai, lokacin ya koma rabi, haka masana suka auna,
In ya kai 100, minti 15 ne kacal, ɗan'uwana,
Kai ga injin yanka wuni guda, ga kiɗa da dare, duba mana.
Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi magana,
Matasa sama da biliyan 1 ƙarar kiɗa na iya yi wa jinsu ɓarna.
Ba ƙin kiɗan nake ba. In na sauka aikin kwana,
Da kukan na'urorin ɗakin marasa lafiya cike a kaina,
Ganga mai nauyi ce ke wanke shi, in samu in rufe idona.
So nake ka kai shekarun Baba kana jin abin da kake ƙauna.

Mai Walda:

Yaya, kin taɓa inda yake mini ciwo,
Wata uku ke nan wani siririn fito ke tafiya ya dawo,
A kunnen hagu, in na kwanta, dare ya yi tsawo,
Ban faɗa wa kowa ba, na ce gajiya ce ta kawo,
Ashe kunnena ne ya kai ni ƙara.

Gobe zan je asibiti a yi mini gwaji,
In nemi abin toshe kunne, kin faɗa kuma na ji,
Amma tsoro ɗaya ya tokare mini ƙirji,
Ranar da kunnen ya rufe, na daina ji,
Shi ke nan na yi sallama da ƙara?

Baba Mai Rediyo:

Ɗana, ka je gwajin nan, kada ka yi wasa,
Amma akwai Evelyn Glennie, makaɗiyar da ta zaga ƙasa da ƙasa,
'Yar Scotland ce, tana shekara 12 kunnenta ya kasa,
Takan cire takalmi a dandali, ta tafin ƙafa amon ke shigowa.

Shirun ma da ake nema, makaɗin Amurka John Cage ya je nemansa,
A 1951 ya shiga ɗakin da ke shanye amo a Harvard, shi kaɗansa,
Ya ji sauti biyu, siriri da kauri, duk daga cikin jikinsa,
Shekara na zagayowa ya fito da kiɗan da ba a kaɗawa.

Minti 4 da sakan 33, mai fiyano bai buga komai ba,
Amma zauren bai yi tsit ko sau ɗaya ba,
Iska, yayyafi a rufi, ƙunƙunin waɗanda ba su gane ba,
Su ne kiɗan, har da takun masu ficewa.

Uwar Biyu:

Baba, na gwada naka ɗazu da na gama wanki,
Na sa agogo minti 4 da sakan 33, na kama baki.
Famfo na ɗiga, fanka na ta nata aiki,
Numfashin yaran, ɗaya na ja, ɗaya na saki,
Can nesa wata babbar mota ta taka birki,
Ban kai ƙarshe ba ƙaramin ya motsa jiki.
Ƙanena, turo mini waƙar mai yatsun roba, ba sauran tsaki,
Zan sa ta ƙasa-ƙasa, kunne ɗaya gare ta, ɗaya ga ɗaki.