Takardun ajamin kakarmu sun manne, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kakarmu ta rasu a Gwandu bayan Babbar Sallah, Allah Ya jiƙanta da rahama. Ta haura shekara 90, amma har azumin bara tana shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar, tana biya wa matan unguwa karatu, irin na 'yan taru da Nana Asma'u ta assasa. Ita ta fara rubuta mini allo.

Da muka buɗe adakarta sai muka tarar da gafaka cike da takardun ajami, rubutun hannunta: waƙoƙin wa'azi, addu'o'i, har da sunayen jikokinta, kowa da watan haihuwarsa. Danshin damina ya shige su. Wasu sun manne da juna, tawadar ta fara zuba, gara kuma ta ci gefe. Na gwada raba biyu, ɗaya ta yage a hannuna. Wallahi ranar ban runtsa ba.

Don Allah, yaya ake raba su rubutun bai tafi ba? A inuwa ake shanyawa? Wasu kuma da Fulatanci ne, ni kuwa ba na ji. Akwai wanda ya taɓa kai irin waɗannan gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato? Suna mayar wa mutum kayansa?