Gwajin gaggawa na nuna kwalara, amma TCBS ba ya tsiro

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'aikatan dakin gwaji. Muna neman shawara daga nan Kasala, a kasar Sudan.

Samfurin bahayar masu amai da gudawa yana iso mana cikin Cary-Blair (sinadarin da ke adana samfuri a hanya), wani sai ya kwana 3 a hanya. Gwajin gaggawa yana nuna O1 (nau'in kwayar cutar kwalara), amma idan muka shuka don kwayar ta tsiro, sau da yawa faranti ya fito fayau. Muna jika samfurin a ruwan fefton mai alkali, pH 8.6, awa 6 zuwa 8, sannan mu shafa a TCBS (farantin da ake tsirar da kwayar kwalara a kai), digiri 35, awa 24. TCBS din tafasa shi kawai muke yi, ba ma sa shi a otokilef (tukunyar kashe kwayoyin cuta da tururi).

Inda rawayen digo ya fito a TCBS, irin na kwalara, mukan mayar da shi kan nutrient agar (farantin shuka na gama-gari) kafin gwajin oksides, yana nuna shudi kamar yadda kwalara ke yi, amma da antiserum O1 (ruwan gwajin da ke dunkule kwayar O1) ba ya dunkulewa ko kadan. Wannan ya fi damunmu, domin sakamakon ne ake jira a unguwanni.

Ga abubuwan da muke zargi: wuta kan dauke cikin dare, inkubeta ta huce. Ana kuma debo samfurin daga bokitin da aka wanke da kulorin, wasu majinyatan sun riga sun sha maganin doxycycline.

Don Allah, wanne za mu fara gyarawa? Kuma yaya ake tabbatar da antiserum bai lalace da zafi ba?