Wai da gaske eksire na iya nuna ƙarfe a bakin tattabara?

Mai_Tattabaru: Salam jama'a, dan Allah masu ilimin kimiyya ku taimaka. Na ji ana cewa an haska bakin tattabara da eksire an ga ƙarfe a ciki, wai shi ne kamfas ɗinta na komawa gida. To ni eksiren da na sani ƙashi kawai yake nunawa, ta ya za a gane ƙarfe ne?

Ɗalibar_Fiziks: Wslm Malam. Ba irin na asibiti ba ne, wancan inuwa kawai yake ɗauka. Wannan kuma ana yanka bakin siriri sosai, a bi shi ɗigo-ɗigo da hasken eksire mai ƙarfi, duk sinadarin da hasken ya bugo sai ya mayar da nasa hasken, kuma kowanne da ma'auninsa, ƙarfe wajen 6.4 keV (keV ma'aunin ƙarfin hasken ne), kalsiyam wajen 3.7, sai kwamfuta ta haɗa taswira mai launi. Bakin tsuntsu ai ƙashi ne a ciki, a waje keratin irin na farcenka, shi ya sa za ka ga kalsiyam da fosfaras, sinadaran ƙashi, sun cika tsakiya, sinadarin farar wuta (sulfur) da ke cikin keratin kuma ya zagaye ɓawon, iyakarsu raɗau.

Baban_Ilham: Maganar ƙarfen gaskiya ce, masu bincike a Jamus sun yi aikin da babbar na'urar eksire ta cibiyar bincike ta DESY da ke Hambog, sun ga tarin ƙarfe a fatar bakin sama suka ce jijiyoyi ne masu jin maganaɗisun duniya. Amma fa a 2012 wasu a Biyana ta Ostiriya suka sake yanka bakunan tattabaru, sai ga shi ƙwayoyin garkuwar jiki ne masu cinye tsofaffin ƙwayoyin jini, dole a samu ƙarfe a cikinsu, kuma irinsu na nan har a saifa. Wata tattabarar tana da su jingim wata 'yan kaɗan, kaga kuwa kamfas ba zai zama haka ba.

Mai_Tattabaru: Ikon Allah, kenan na'urar ce ta yi kuskure?

Ɗalibar_Fiziks: A'a wlh, ita ta ce ga ƙarfe a nan kuma yana nan ɗin. Wace ƙwaya ce ke riƙe da shi, wannan sai an rina naman an duba a madubin likita. Ko ƙurar wuƙar da aka yi yankan da ita ma tana iya fitowa a taswirar.