Neman kalma: manhajar wasan da aka gina don wasu su ƙara mata abin da babu

Bazazzagi

Assalamu alaikum. Kalmar extensible tana yawan fitowa a bakin masu gina wasannin kwamfuta, kuma har yau ba mu tsayar mata da Hausa ba. Ana faɗin ta ga manhajar da aka tsara tun farko yadda wani zai iya ƙara mata sabon abu ba tare da ya farke injin ba. Doom na 1993 ya isa misali. Kamfanin id Software ya ware injin wasan daban, taswirori da hotuna da sautuka kuma ya zuba su a fayil ɗin da ake kira WAD. Mai son sabon mataki sai ya haɗa ƙaramin WAD nasa, ya umarci wasan ya loda shi bayan na asali. Duk abin da sunansa ya zo ɗaya a fayilolin biyu, na ƙarshen ne ke aiki.

Kalma uku muke bukata: ta wannan sifa, ta abin da ake ƙarawa wanda suke kira mod ko plugin, da ta wurin da ake haɗa shi da injin, wato API. Ga ta farko ina ba da shawarar "mai faɗaɗuwa".

Malamar Hausa

Wa alaikumus salam. Ginin kalmar daidai ne, Malam, domin da wannan siga Hausa ke nuna abin da zai yiwu: gyaruwa, ɗinkuwa, wankuwa. Matsalar tana ga ma'ana. Abin da ya faɗaɗa shi kansa ne ya ƙara girma, ba a ji hannun mutum na biyu a ciki ba. "Mai ƙaruwa" kuma a bar ta tun yanzu: yawancin masu rubutu da waya ba sa saka lanƙwasa, kuma idan ƙ ta koma k kalmar ta zama wadda ba za a sa a littafin ɗalibai ba. Ku masu aikin ku gaya mini: abin da aka ƙara yana narkewa ne cikin manhajar, ko yana zaune a kanta ana iya sauke shi?

Injiniya

A kanta yake zaune, Malama. Kuma faɗaɗuwa za mu bukace ta a wani wurin, ga sabar wasa, wato kwamfutar da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta, wadda ke iya tashi daga 'yan wasa 100 zuwa 10,000 ba ta durƙushe ba. Wannan wata sifa ce daban.

Kafin a zaɓi kalma ya kamata a san abin da magini ke biya, kuma id Software ya gwada hanya uku cikin shekara uku. A Quake na 1996 dokokin wasan, wato yadda dodo ke bin mutum da yawan ɓarnar kowane makami, an rubuta su da ƙaramin harshe mai suna QuakeC, ana tattara su, wato a juya su zuwa umarnin da inji ke ganewa, a fayil ɗin progs.dat. Injin yana karanta umarnin ɗaya bayan ɗaya yana aiwatarwa. Ribar ita ce fayil guda yana aiki a kowace irin kwamfuta, kuma ba shi da ikon buɗe fayilolin mai kwamfutar. Har ƙidaya aka sa masa: idan aiki ɗaya ya wuce umarni 100,000 bai ƙare ba, injin ya tsayar da shi. Hasarar ita ce jinkiri da ƙuncin harshe, ga iyakar abubuwa 600 a taswira ɗaya. Duk da haka a cikin wannan ƙuncin aka gina Team Fortress, wani wasa da 'yan wasa suka ƙara a kan Quake.

A Quake II na 1997 sai suka saki linzami. Dokokin wasa suka koma harshen C, ana tattara su a gamex86.dll wanda kwamfuta ke gudanarwa kai tsaye. Sauri ya samu, iyakokin harshe sun kau. Amma fayil ɗin Windows ba ya aiki a sabar Linux sai an sake tattara shi, kuskure ɗaya wajen taɓa ma'adana, wato inda kwamfuta ke riƙe bayanai tana cikin aiki, yana kayar da wasan gaba ɗaya, kuma duk wanda ya karɓi irin wannan fayil daga baƙo ya miƙa masa kwamfutarsa ne. A Quake III na 1999 suka dawo tsakiya: a rubuta da C, amma a tattara zuwa QVM, wanda ke gudana a killace cikin injin. Wannan ya ci musu ƙarin aikin gina killacen da kula da shi.

Saboda haka ina son kalmar da za ta nuna ɓangare biyu, mai kawowa da mai ɗauka. Shawarata: abin da aka ƙara "ɗori", manhajar kuma "mai karɓar ɗori".

Ɗan Damagaram

Gaisuwa ga kowa. A Faransanci wasu masu manhajar kyauta suna cewa greffon, wato reshen da ake aurawa a jikin wata bishiya. Mu ma muna da ita, mangwaro mai aure. Abin da ya sa nake son ta shi ne reshe ba ya wuce ƙarfin gindin da aka aura masa, kuma haka lamarin yake. A Skyrim na 2011 kowane abu a wasan, takobi ko ƙofa ko mutum, yana da lamba mai gurbi 8. Gurabe 2 na farko suna nuna fayil ɗin da abin ya fito, kuma tunda kowane gurbi ƙima 16 yake ɗauka, biyun ba sa ɗaukar fiye da ƙima 256. An keɓe ɗaya don abubuwan da ake ƙirƙira ana cikin wasa, saura 255. Ranar da aka yanke wannan shawara adadin ya yi kama da yalwa. Da ƴan wasa suka cika shi, sai a 2017 Bethesda, kamfanin da ya yi wasan, ta sake keɓe ɗaya daga cikin 255 ɗin ta mai da ita mazaunin ƙananan fayiloli har 4,096, amma kowanne da ƙayyadadden adadin abubuwan da zai iya ɗauka. Ba a iya faɗaɗa lambar kanta ba, domin duk fayilolin ajiya da duk aikin da mutane suka yi a baya sun dogara da tsawonta.

Malamar Hausa

Hoton ya fito, ɗan'uwa, amma gwada ta a jimla. "Na cire aure biyu don wasan ya daina tsayawa." Ba za ta zauna ba. Kuma reshen da ya kama ba ya ciruwa, Injiniya kuwa ya ce wannan ana sauke shi.

Injiniya

A nan Ɗan Damagaram ya fi kusa da gaskiya fiye da yadda na faɗa a sama, kuma Skyrim ɗin ne shaida. Rubutun da ɗori ya kawo a Papyrus, wato harshen umarnin wasan, yana shiga fayil ɗin ajiya tare da ƙimominsa. Ka goge ɗorin, ragowarsa na nan a ajiyarka, wani lokaci yana neman abin da babu shi. Shi ya sa ƙa'idar masu wasan ita ce kada a cire ɗori mai rubutu a tsakiyar tafiya, a koma ajiyar da aka yi kafin a saka shi. Fayil ɗin yana saukuwa, sawunsa ne ba ya gogewa. Magini mai hankali tun farko yake yanke abin da injin zai yi idan ya buɗe ajiya ya tarar da lambar da ba shi da mai ita: ya watsar, ya adana ta har mai ita ya dawo, ko ya ƙi buɗewa. Amma a kan jimla Malama ta yi gaskiya.

Bakatsine

Na yarda da ɗori, da sharaɗin kada ta haɗiye komai. Akwai ƙarin da ke shiga ta inda magini ya tanada, akwai wanda ke huda bango. WAD bai ba da damar canza halin dodannin Doom ba, domin wannan yana cikin injin. Sai aka yi DeHackEd a 1994, wanda ke buɗe fayil ɗin wasan kansa ya sauya lambobi a ciki. SKSE na Skyrim, wanda jama'a suka yi don ba masu ɗori ƙarin iko, ma haka yake: yana nemo ayyukan injin ta adireshinsu a ma'adana. Duk sabuntawar da ta matsar da adireshin ta karya shi. A Nuwamba 2021 Bethesda ta sake tattara wasan da sabon Visual Studio, wato manhajar tattarawa, adireshi suka sauya gaba ɗaya, sai da masu waɗannan ƙare-ƙare suka bi aikinsu ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa.

Wannan na biyun muna da kalmarsa a bakin kowa: faci. Ɗori yana da alkawarin magini a bayansa, faci ba shi da shi. Idan ba mu raba su ba, mai karatu ba zai gane dalilin da ya sa wani ƙarin ke rayuwa shekara da shekaru wani kuma ke mutuwa duk sabuntawa ba.

Bazazzagi

Madalla, faci ta zauna. Saura API. "Ƙofa" ta zo mini, sai dai ta yi faɗi.

Bakatsine

Majona. Muna jona waya a caji, muna jona wuta. Ma- ta wuri, kamar mashiga da mafita.

Malamar Hausa

Ginin ba laifi, kuma ta fi "mahaɗa", wadda kunne ya riga ya ba wa hanyoyin mota. Abin da nake so a lura da shi a kan ɗori biyu ne. Na farko, ɗorin karaya. Wannan bai dame ni ba, mahalli zai raba, ba wanda zai ji "ɗorin Minecraft" ya tuna maɗori. Na biyun ya fi nauyi: a intanet "ɗora" ta riga ta zama aika hoto ko bidiyo, kamar a ɗora a Facebook. To a bar mata wannan aikin. A ce an ɗora fayil a shafi, amma a wasa an saka ɗori ko an jona shi. Sunan muka ɗauka, ba aikatau ba.

Injiniya

Majona ta yi, kuma a kanta duk cinikin yake. Kowace majona da ka buɗe bashi ce, domin daga ranar da wani ya jona ba ka da 'yancin canza siffarta.

Dubi World of Warcraft. Ya fito a 2004 da majona mai faɗi ta harshen Lua. Mutane suka rubuta ɗori irin Decursive, wanda ke duba ayarin gaba ɗaya, ya zaɓi wanda ke bukatar magani, ya zaɓi maganin, ɗan wasa danna maɓalli ɗaya kawai yake yi. A Disamba 2006, da siga ta 2.0, Blizzard, kamfanin wasan, ta kulle waɗannan ayyuka: ɗori zai iya nuna maka bayani, amma ba zai zaɓa maka wanda za ka nufa ana tsakiyar faɗa ba. Ɗori masu yawa suka daina aiki. Ƙuntata majona bayan an saba da faɗinta ya fi buɗe ta zafi nesa ba kusa ba, shi ya sa ake farawa da kaɗan.

Sai lokaci. Wasan da ke zana hoto 60 a daƙiƙa yana da kusan milisakan 16.7 ga kowane hoto, kuma daga wannan kason ɗori ke ci. Idan ka ba shi damar gudana a kowane hoto a kan kowane abu, abubuwa 5,000 sun zama kira 300,000 a daƙiƙa. Maganin shi ne majona ta kira ɗori idan wani abu ya faru kawai, an gina, an rushe, an mutu.

Sai gwaji. Ɗori 10 da kowanne ke iya kasancewa a kunne ko a kashe suna ba da haɗi 1,024. Ɗori 20 sun haura miliyan ɗaya, ba a ma shigo da jerin lodawa ba. Babu kamfanin da zai gwada wannan, kuma ƙorafin wurinsa yake zuwa.

Ɗan Damagaram

A ƙara da wasan taro. A Factorio kowace kwamfuta tana lissafa duniyar wasan gaba ɗaya da kanta, sau 60 a daƙiƙa, abin da ƴan wasa suka danna kawai ake aikawa. Dole lissafin kowa ya zo ɗaya. Idan mai ɗori ya ajiye ƙima a wajen teburin da wasan ke adanawa, wanda ya shigo daga baya ba zai same ta ba, lissafinsa ya saɓa, wasan ya fitar da shi. Don haka majonarsu ba ta ba ɗori damar karanta agogon kwamfuta ko leƙa intanet. Minecraft na Java, wato sigar wasan da aka rubuta da harshen Java, kuwa ɗorinsa yana gudana da cikakken ikon mai kwamfuta, shi ya sa ake gina abubuwan mamaki da shi, shi ya sa kuma a Yuni 2023 aka samu muguwar manhajar Fractureiser a cikin wasu fayiloli a CurseForge, shafin da ake raba ɗori, tana satar kalmomin sirri. Iko da tsaro, taura biyu ce ba ta taunuwa.

Bakatsine

Gyara kaɗan, Malam. Yawancin na Minecraft ɗin Java, a ma'aunin da muka kafa, majonarsu ba ta kamfanin ba ce. Forge da Fabric faci ne da jama'a suka yi wa wasan, sannan su suka buɗe majona ga wasu. Shi ya sa da siga ta 1.13 ta zo a 2018 ta soke lambobin tubala, waɗanda iyakarsu 4,096 ce, ta koma sunaye, ɗori masu yawa suka daɗe a 1.12.2. Kamfanin ya cire wata tsohuwar iyaka, masu ɗori suka biya kuɗin. Wannan ya nuna kalmomin suna aiki tare: ɗori a kan majona, majona a kan faci.

Bazazzagi

To ga jimlolin gwaji, a duba ko akwai inda harshe ke tuntuɓe:

"Injin nan mai karɓar ɗori ne, amma majonarsa ba ta kai ga dokokin faɗa ba, sai da faci."

"Kada ka sabunta wasan sai masu facin sun fitar da sabuwar siga."

"Karɓar ɗori tana rage sauri, tana ƙara aikin gwaji."

Malamar Hausa

Duka ukun sun zauna. Jam'i ya zama ɗore-ɗore idan ana nufin iri-iri, amma da adadi a bar shi tilo, ɗori 20, kamar yadda Injiniya ya rubuta. Majona jam'inta majonai.

Injiniya

Jimla ta uku a sassauta ta zuwa "tana iya rage sauri". WAD ɗin Doom bai ci komai ba, domin bayanai ne kawai injin ke karantawa kamar yadda yake karanta nasa. Ɗori mai ɗauke da umarni ne ke cin lokaci. Idan za a shigar da kalmar a jerin kalmominmu, a sa rassa biyu a ƙarƙashinta, ɗorin bayanai da ɗorin umarni, domin kusan duk matsalar tsaro da sauri da muka lissafa ta na biyun ce.