Tsohuwar tarakta don kwashe dusar ƙanƙara: Ford 8N ko Massey 135?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Inda nake zaune, duk hunturu dusar ƙanƙara sai ta toshe mana hanyar gida, ga ta da tsawo, shebur ya ishe ni. Da ma ina sha'awar tsofaffin injina, shi ya sa nake son tarakta da zan riƙa kwasa da ita, in riƙa taɓa gyaranta da hannuna. An nuna min Ford 8N da Massey Ferguson 135 mai dizal. Wacce zan ɗauka?

Tsohon bakanike: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, me za ka jona mata a baya? Amsar tana nan. In faifan ƙarfe ne na turawa, 8N za ta yi. An ƙera ta daga 1947 zuwa 1952, har yau kayan gyaranta ba wuya. Amma in injin feso ƙanƙara ne, rabu da ita. Kana taka kuloci, PTO, wato sandar bayan tarakta da ke juya injin feson, sai ta tsaya, ƙanƙarar ta cushe a ciki, ka sauko cikin sanyi kana tono. Ga ribas ɗinta da gudu, alhali aikin da baya-baya ake yinsa, a hankali. Yawancin 135 kulocinsu hawa biyu ne: ka taka rabi tarakta ta tsaya, injin baya na ci gaba da juyawa. Ni ita zan ɗauka.

Wani ɗan'uwa: Malam ya gama magana. Sai dai dizal da sanyi ba sa ga maciji, man kan yi kauri ya toshe matata. Ka sa mata hita mai ɗumama inji, ka riƙa zuba dizal na hunturu. Ranar dubawa ka je da sassafe, ka ɗora hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga ka tayar da ita ne, ba za ka ga yadda take tashi cikin sanyi ba.

Wata Hajiya: Tamu 8N ce, ba sarƙa a taya ko nan da can ba ta zuwa. Ku leƙa bakin bawul ɗin tayoyin baya kuma, ruwan gishirin da ake ɗura musu don nauyi yana cin ƙarfen da tsatsa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Mai fesowa nake so, don haka 135 ke nan.

Tsohon bakanike: To madalla. Yawancinsu ba su zo da ƙarfen kariya na kifewa ba, ka sa mata kafin ka hau gangara.