Murnar cin ƙwallo a wasan makarantu: ina iyakarta?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum manya. Lokacin inta-ko, wato gasar wasanni tsakanin makarantu, ya matso a Kumasi, yara kuma sun iya rawa idan sun zura ƙwallo. Wace murna ce doka ta bari, wacce ce ke jawo kati? Wasu na cewa har sujada an hana.

Tsohon Rafali, Asawase: Wa alaikumus salam ƙanena. Sujada ba laifi ba ce, rawa ma haka. Doka ta 12 ta IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa, ta ba ɗan wasa damar murna, muddin bai wuce gona da iri ba. Abubuwan da ke wajabta katin gargaɗi a fili suke: cire riga ko rufe kai da ita, sanya abin rufe fuska, hawa shinge ko kutsawa wajen 'yan kallo ta yadda za a iya samun turmutsitsi, sai kuma tsokana ko izgili ga abokan hamayya.

Cire riga tun 2004 aka tsaurara shi, alƙalin wasa ba shi da zaɓi a kai. Ka tuna Vincent Aboubakar na Kamaru a gasar cin kofin duniya a Ƙatar, 2022: ya zura wa Barazil ƙwallo, ya tuɓe riga, da ma yana da kati ɗaya, sai ga ja. Tun 2019 kuma, ko an soke ƙwallon saboda satar gida, katin yana nan daram. Wannan ne ke yawan tayar da hayaniya a benci, don masu horarwa da dama ba su sani ba.

Fita daga fili don murna kaɗai ba ya jawo kati, a dai dawo da wuri.

Malamar Wasanni: Baba ya gama magana, ƙari ɗaya zan yi. Yaro ya ɗaga riga zuwa ƙirji don nuna rubutu a singileti, bai rufe kai ba: babu kati. Amma Doka ta 4 ta hana saƙon siyasa, addini ko na ƙashin kai a rigar ciki. Sai alƙali ya sa a rahoto, masu shirya gasa su hukunta. A duba wannan tun lokacin duba takalma da kariyar ƙwauri.

Koci Sabon Zango: Ni wurin da nake so a fi sa ido shi ne tsokana, don nan faɗa ke farawa. Yaro ya yi rawa a kusurwar magoya bayansu ana jama, wato waƙoƙin magoya baya, ana kiɗa, lafiya lau. Rawar nan ɗaya, idan ya ruga ya yi ta gaban bencin abokan hamayya, ko ya ɗora yatsa a baki yana fuskantar ɗalibansu, ta zama tsokana. Idan ta kai zagi ko alamar batsa da hannu, jan kati ne kai tsaye, ba gargaɗi ba.

Don Allah alƙalai, kada ku sunkuya rubuta lambar mai ci nan take. Daƙiƙun farko bayan ƙwallo ta shiga su suka fi haɗari. Ka matsa kusa da masu murna, ido ɗaya a kan raga, domin a nan ake kokawar ƙwace ƙwallo tsakanin gola da masu son a taka da sauri. Mataimakin alƙali na ɓangaren benci ya tare 'yan canji. Idan wani a benci ya yi rashin ɗa'a aka kasa gane shi, babban koci ne ke karɓar katin. In ƙura ta lafa, sai a rubuta.

Tsohon Rafali, Asawase: Haka ne koci. Lokacin da murna ta ci kuma ana mayar da shi a ƙarshen rabin, Doka ta 7 ke nan, sai a faɗa wa kyaftin biyu tun wajen jefa kwabo. A kuma karanta takardar ƙa'idojin gasar kafin ranar, saboda IFAB ta yarda wasannin matasa su yi amfani da korar wucin gadi, kamar minti 10 a wasan minti 90, amma sai in masu shirya gasa sun rubuta hakan.