Ɗaukar kod daga Grbl zuwa Marlin da danginsu: me kuka gani?

Na Bukuru:
Assalamu alaikum. Masu haɗa injin sassaƙa katako, na laser da na buga abu 3D a nan Jos, mu tattara abin da muka gani wajen cire wani yanki na manhajar wani aiki mu sa a wani. Grbl da Marlin manhajoji ne da ke sarrafa irin waɗannan injina. Marlin ta ɗauko tsarin lissafin tafiyar motar injin daga Grbl tun 2011, shi ya sa mutane ke ɗauka komai nasu ɗaya ne. To, ina ake tuntuɓe?

Injiniya, Farar Gada:
Wa alaikumus salam. Kod ɗin zai haɗu lafiya, babu kuskure ko ɗaya a allo, amma ma'anar umarnin ta bambanta. Umarnin G28 a Marlin na nufin injin ya je ya nemo makunnan iyaka. A Grbl kuwa yana nufin ya tafi wani wuri da aka adana, da gudu, ba tare da neman komai ba. $H ce ke nemo iyaka a Grbl. Ka kwafi layukan farawa daga wannan zuwa wancan, sai bakin yanka ya bi ta cikin katakon. Haka G4 P2, umarnin dakatawa: daƙiƙa biyu ce a Grbl da LinuxCNC (ita ma manhajar sarrafa inji ce), a Marlin kuma kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa. Injin zai fara yanka kafin sandar da ke juya bakin yanka ta ɗauki gudu.

Na Dilimi:
Injiniya ya faɗi gaskiya, sai ma'auni. Iyakar gudu a Grbl, $110, milimita ne a minti. M203 na Marlin milimita ne a daƙiƙa. Ka ɗauki 3000 na Grbl ka zuba a Marlin haka, ka ninka gudun sau 60, motar ta yi ƙara kawai ta tsaya cik. Abin da ke wucewa ba canji shi ne taku a milimita: mota mai taku 200, an raba kowane 16, bel GT2 da fuli mai haƙora 20, ya ba ka 80, ko a $100 na Grbl ko a M92 na Marlin.

Malama, Anguwan Rogo:
Ku ƙara da batun guntu, wato ƙaramar kwamfutar da manhajar ke aiki a cikinta. ATmega328p na Arduino Uno yana da 32KB na ajiyar manhaja da 2KB kacal na ƙwaƙwalwar aiki, kuma Grbl 1.1 ta kusa cinye su. Duk abin da aka ɗauko daga grblHAL ko FluidNC, dangin Grbl da aka rubuta wa guntu mai bit 32, da wuya ya shiga. Ko ya shiga, int, wato nau'in lambar da ake ƙirga da ita a kod, bit 16 ne a guntun AVR irin na Uno, ya wuce 32767 sai ya juya. A taku 80, hakan milimita 409 ne da ɗoriya, don haka ƙaramin gwaji ba zai nuna matsalar ba, sai ranar da aka sa babban falanki. A canza int ɗin zuwa int32_t mai bit 32 tun farko.

Na Bukuru:
Malama, batun lasisi fa?

Malama, Anguwan Rogo:
Grbl 1.1, Marlin da Klipper (manhajar injin 3D) duk lasisinsu GPLv3 ne, wato siga ta 3 ta lasisin GPL, musaya tsakaninsu ba damuwa muddin an bar sunan marubuci a saman fayil. LinuxCNC ce ke buƙatar lura, domin GPLv2 ce. A karanta kan kowane fayil: in an yarda da sigar gaba, ya shiga, in 2 kaɗai ce, ba ya haɗuwa da 3. Kuma wanda ya sayar wa kafinta inji da manhajar da ya gyara, wajibi ne ya ba shi kod ɗin in ya nema. Mutanenmu ba sa son jin wannan.

Injiniya, Farar Gada:
In ayyukan biyu tushensu ɗaya a git, manhajar adana tarihin kod, a yi amfani da git cherry-pick -x, yana rubuta inda gyaran ya fito. Bayan an loda sabuwar manhaja kuma, tsofaffin saituna na nan a EEPROM, ma'ajiyar saituna ta guntun. A goge da $RST=* a Grbl, ko M502 sannan M500 a Marlin. Gwajin farko a cire bakin yanka, a ɗaga Z (ɓangaren da ke hawa da sauka) sama, hannu na kan makunnin tsayawa.